Gardamar Jirgi a Bakin Madatsar Zobe

Ran Asabar muka tashi daga Kurfi, muka ratsa Dutsin-Ma zuwa madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa. Muna ganin kwale-kwalen masunta sai gardama ta kaure: in aka mai da wurin na shaƙatawa, wane irin jirgi ya dace? Wani ya ce mai inji da rumfa, zagayen minti goma. Wata ta ce bangon kaɗai mita 2,750 ne, minti goma ai wasa ne.

Wani dattijon masunci ya dube mu: "'Ya'yana, ku fara da rigar kariya. Ruwan nan bai san ɗan makaranta ba."

Muka yi tsit.