Tukunya Mai Usur

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To, ni dai ban dafa dutse ba, amma na dafa tsohon wake a cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ba tare da ko ƙwayar kanwa ba. Duk ɗalibin da ya taɓa tsugunawa gaban risho yana jiran wake ya nuna, ga yunwa ga lacca tana jiransa, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin tukunyar da ta yi mini wannan aiki, da abin da na koya a gindinta.

Tun ina yaro nake ganin wata tukunya ta gorar ruwa a can saman kabad ɗin Inna, bayan jeren kwanuka. Tana da dogon mariƙi baƙi, da murfi mai wani ɗan ƙarfe a tsakiyarsa kamar hular dara. Ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Mu yara sunan da muka sa mata shi ne "bam", domin an tsorata mu cewa in aka dafa abu a cikinta fashewa take yi ta ɗauke rufin ɗaki. Yayyena mata duk an kai su ɗakunansu, ba wadda ta yarda a sa mata ita cikin kayan gara.

Asalin tukunyar nan kuwa shi ne, a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai Indiyawa masu koyar da lissafi da kimiyya. Inna ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a wannan zamani, kuma wata malama Ba'indiya mai koya musu lissafi ta ja ta a jiki, har takan kira ta gida ran Asabar ta taya ta 'yan aikace-aikace. Da darajar Naira ta soma faɗuwa a 1986, malaman nan suka yi ta tattara nasu ya nasu suna komawa gida. Ran da malamar za ta tashi, sai ta miƙa wa Inna tukunyar, ta ce ta riƙa tunawa da ita. Inna ta riƙe amana, amma ta riƙe ta irin riƙon da ake yi wa kayan ado.

Ni kuwa abin da ya sa na sauko da ita ba wani son ilmi ba ne, talauci ne tsagwaronsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kome ya yi tashin gwauron zabo, har da gas da kananzir da gawayi. Mu uku muke haya a ɗaki guda a bayan makaranta, muna karo-karo mu cika 'yar tukunyar gas, amma kafin wata ya raba sai ka ji ta yi shiru. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka tarar wake ne ɓarawon, gama shi kaɗai yakan cinye fiye da sa'a guda a kan wuta. Nama kuwa tuni muka yi ban kwana da shi, sai dai mu gaisa daga nesa in mun bi ta gaban mai tsire.

Da na je hutu na roƙi Inna tukunyar, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai dai ka cika karambani. In ka ƙone fuskarka, wa zai ba ka 'yarsa?" Amma ta ba ni. Robar bakin murfin ta riga ta bushe ta tsattsage, sai da na yi yawo a kasuwar Sabon Gari kafin in sami daidai da ita. Sa'an nan na zauna Inna ta yi ta lalubo abin da ta gani a gidan malamarta, na haɗa da abin da na karanta.

Ga yadda abin yake, mai karatu. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya, in ya kai zafin digiri 100 ya tafasa, to, ya tsaya ke nan. Kome yawan itacen da ka tura, ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya bi iska. Amma in aka rufe tukunya ruf, tururi ya rasa hanyar fita, sai ya danne ruwan, ruwan kuwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin zafi shi ke sa abin da zai ci sa'a guda ya nuna a sulusin lokacin. Ɗan ƙarfen nan na bisa murfi shi ne mai gadi: in tururi ya yi yawa sai ya ɗaga shi ya fita da ƙara, fiiit, kamar ɗan sanda ya busa usur. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara ƙera irinta a 1679, har yakan dafa ƙashi a ciki ya yi laushi. Amma Indiyawa su suka mai da ita 'yar gida, har matansu ba su auna dahuwa da agogo, sai da usur. Za ka ji an ce shinkafa usur biyu, wake usur biyar.

Abincin da na fara gwadawa shi ne wanda suke kira kicari. Ba wani abu ba ne illa shinkafa da ɓarzajjen wake a dafa su tare har su yi luguf, kamar tsakanin dafa-duka da fate. Tsohon abinci ne ƙwarai, domin Ibn Battuta, matafiyin nan da ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya ambace shi cikin labarin zamansa a Indiya a ƙarni na 14. Su da wani ɗan ƙaramin koren wake suke yi, ni kuwa da na rasa shi sai na surfa namu na gida, kamar za a yi ƙosai, na ga ya zauna daram.

Ranar farko dai na sha kunya. Rashin sani ya fi dare duhu: na cika tukunya har wuya saboda mu uku ne kuma kowa da yunwarsa. Ashe wake kumfa yake yi, kumfar nan kuwa ita ke bin hancin murfi. Muna zaune sai muka ji wata irin ƙara, ruwan wake ruwan ɗorawa ya yi tsiri har silin. Abokan ɗakina kafin ka ce kwabo sun kai bakin titi, ɗaya ko takalmi babu. Ni ma dai ban tsaya ba sai da na tuna gas yana kunne. Muka kwana muna goge bango, maƙwabta suna ta dariya, wani har yana cewa ga abin da ke samun namijin da ya shiga sana'ar mata.

Daga ranar na kiyaye dokoki huɗu, kuma ina roƙon duk mai son gwadawa ya kiyaye su. In wake ne, kada a wuce rabin tukunya. A zuba cokalin mai, domin yana kwantar da kumfa. Kafin a rufe, a ɗaga murfin a leƙa hancinsa a ga haske ya ratsa. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka, in an sauke kada a kuskura a buɗe da ƙarfi, a bar ta ta huce don kanta har tururin ya ƙare.

Sirrin girkin Indiyawa kuma, na lura, yana cikin abin da suke kira tarka, watau soya kayan ƙamshi a mai kafin a haɗa su da abinci. Nakan zuba man gyaɗa cokali 2 a tukunyar, in ya yi zafi in jefa wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi da suke kira jira, in ta fara tsalle in sa albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu, sa'an nan tumatir da rabin ƙaramin cokali na kurkum. Sai in kawo shinkafa gwangwanin madara 1, surfaffen wake gwangwani 1, ruwa gwangwani 5, da ɗan gishiri da kowane ganye ko kabewa da Allah ya hore. In rufe, in jira usur 3, in kashe wuta. Su sukan sa wani ƙaro mai wari da suke kira hing. Ni da ban same shi ba sai na sa daddawa, ban kuwa ji abincin ya yi ƙorafi ba. Har ila yau na gano zogalen da muke kwaɗantawa asalinsa daga ƙasarsu yake, kuma mutanen kudancin Indiya da tsamiya suke tsamama miyar wakensu, ita tsamiyar nan da Larabawa ke kira tamar hindi, watau dabinon Indiya.

To, duk wannan wasa ne a kan abin da ya same mu a gida. Baba ɗan mahauta ne, ko da yake aikin gwamnati ya yi har ya huta. A wurinsa tuwon da ba tsoka a kai ba abinci ba ne, cika ciki ne. Bara ciwon hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce lalle ya rage gishiri da maiƙo da jan nama. Inna ta yi ta fama, kullum a kai masa kwano a dawo da shi yadda aka kai. Ya rame, ya yi zuru-zuru, ya kuma zama mai saurin fushi, abin da ba halinsa ba. Wata rana na ji yana ce wa Inna gara ciwon ya kashe shi da yunwa ta kashe shi. Maganar nan ta tsaya mini a rai, na kwana ban runtsa ba.

Kashegari na ce wa Inna ta bar mini girkin dare. Na ɗora tukunya a tsakar gida, na rage gishiri ƙwarai, na ƙara citta da tafarnuwa, na tanadi lemun tsami. Da usur na farko ya tashi, sai na ga Inna ta saki tsintsiyar da ke hannunta ta tsaya cik. Ta ce rabonta da jin wannan ƙara tun tana 'yar makaranta, ta ce har ƙamshin ɗakin girkin malamarta ya dawo mata. Ta juya tana gyara ɗankwali, amma na ga abin da take sharewa.

Na kai wa Baba kwano, na durƙusa na ce, "Baba, ga abinci." Ya buɗe, ya sa cokali ya juya gabas ya juya yamma, ya ce, "Ina naman?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ce, "To, abin har ya kai ga haka? Jikan mahauta ya kawo wa ubansa faten marasa lafiya?" Ban ce uffan ba, na koma bakin ƙofa na zauna, gabana yana faɗuwa. Can sai na ji cokali yana ƙara a gindin kwano. Da na shiga ɗauka, bai dube ni ba, sai ya ce, "Gobe a ƙara yaji." Wallahi ban taɓa cin jarrabawar da ta faranta mini rai kamar wannan ba. Ban ce tukunya ta warkar da shi ba, gama yana nan yana shan maganinsa yana ganin likita. Amma ya koma cin abinci, kuma dariyarsa ta dawo gidanmu.

Kada mai karatu ya zaci na yi hannun riga da nama. Allah ya halatta mana shi, in Babbar Salla ta zo kuwa za a same ni a gindin tukunyar suya. Indiyawan ma da yawansu suna cin nama, masu ƙinsa kuma galibi suna shan nono suna cin man shanu. Waɗanda ba su taɓa kome na dabba sam, har madara da ƙwai, su ne ake kira bigan, sunan da wani Bature, Donald Watson, ya ƙago a Ingila a 1944. Wanda ya ɗauki wannan hanya kuwa sai ya nemi bitamin B12 a wani wuri, domin tsirrai ba su wadatar da shi.

Abin da ya tsaya mini a zuciya shi ne wannan. Garau-garau da ɗanwake da kwaɗon zogale da dambu, duk ba mai nama a ciki, kuma haɗa hatsi da wake abinci ne mai gina jiki sosai. Amma mu sai mu ci muna ɓoyewa, in baƙo ya yi sallama mu tura kwano ƙarƙashin gado, wai abincin talaka ne. Ga waɗansu mutane can sun ɗauki shinkafa da wakensu sun ƙawata, suna ba jariri, suna ba majinyaci, suna ba baƙo, ba tare da jin kunya ba. Ashe abin da muke rainawa ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu ba shi haƙƙinsa ba.

A ƙarshe ina da roƙo ga wannan ƙungiya tamu. Har yanzu 'yan kasuwa da sunan Turanci suke kiran tukunyar nan, sunan da ke karya harshen tsofaffi. Wani abokina ya ce a kira ta tukunyar tururi, na ce ai madambaci ma da tururi yake aiki. Ni dai na ba da shawarar a ce tukunya mai usur. In akwai mai sunan da ya fi wannan, filin mujalla a buɗe yake. Inna kuwa ta aiko mini cewa in na gama karatu in mayar mata da kayanta, ta riga ta share mata wuri kusa da murhu. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, amin.