Abin Da Kakata Take Kira Kulawa

Yau na ajiye labarin soyayya, zan ba ku labarin kakata Iya, wadda ta haifi mahaifinmu.

A shekarar 2021 Baba ya ɗauko Iya daga ƙauye ya dawo da ita gidanmu a Kano saboda hawan jini. Aka gyara mata ɗaki, ga fanka, ga katifa sabuwa, ga madarar Peak da Bournvita, ga atamfofi daga Kantin Kwari. Ni ce mai ba ta magani safe da dare, kuma wallahi ban taɓa tsallakewa ba.

Rannan wata tsohuwar ƙawarta ta zo dubiya. Ina bakin ƙofa da tiren abinci sai na ji Iya tana cewa, "Ai ni nan ajiye ni aka yi kamar kwalla a kan kabad. Babu mai kula da ni." Gabana ya faɗi. Da daddare kuma ta ce wa Baba a mayar da ita ƙauye, inda babu asibiti kusa.

Na shiga ɗakinta ina hawaye, na ce, "Haba Iya, me muka rage ki da shi?"

Ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, zauna. Kullum a tsaye kike miƙo min ƙwaya, idonki na kan waya. An cire min gishiri a miya, an ɗauke min goro, ba wanda ya faɗa min dalili. Na ce a ba ni wake in tsince, kun ce in huta. Hutun me? Na mutu ne?"

A nan na tuna zuwanmu asibiti. Likitan da ya rubuta mata magani mai kyau, Iya cewa ta yi bai iya aiki ba, don bai ɗago kai ya dube ta ba. Amma nas ɗin da ta riƙe hannunta ta ce "Sannu Mama, yaya jiki?" har yau tana sa mata albarka. Ashe mu kuɗi da kaya muke lissafawa, ita kuwa ma'auninta daban: wa ya zauna da ni, wa ya yi min bayani, wa ya nemi shawarata.

Tun daga ranar na sauya. Na zauna na bayyana mata cewa gishiri yana ƙara hawan jini, ta ce, "To da kun faɗa tun farko ai da ban yi fushi ba." Na riƙa kawo mata wake da zogale tana gyarawa, tana ba ni labarin dalar gyaɗa da zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956, lokacin tana yarinya. Maganin bai canja ba, ɗakin ma shi ne, amma zancen komawa ƙauye ya mutu.

'Yar uwa, in akwai tsohuwa a gidanku, in kin dawo daga makaranta kada ki tsaya a "sannu" daga bakin ƙofa. Cire takalmi ki shiga, ki zauna, ki tambaye ta yadda take so a yi mata. Allah Ya ba mu albarkar iyaye da kakanni, amin.