Tsakanin "Ina Ganin" da "Na Yarda": Darasi Daga Gonar Baffana

A ƙauyenmu da ke arewa da Dambatta, gona ba ta samun hutu. Daga bakin dangar gida har iya ganin ido, gero da dawa da gyaɗa da wake ne kafaɗa da kafaɗa, inda ta wannan ta ƙare nan ta wancan ta soma, sai ɗan layin gamba da ke raba su. Da rani jakuna ke ta jigilar taki, domin ƙasar da ake nomawa kowace shekara sai an ciyar da ita. Wanda duk gona ta kuɓuce masa a irin wannan wuri, babu sauran dajin da zai sara ya yi sabuwa. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san nauyin abin da kalmomi uku na Turanci suka kusa jawo wa gidanmu.

Shekarun baya Baffana ya tashi aurar da 'yarsa, hannu ya gaza, sai ya jinginar da gonarsa ta bayan gari ga wani maƙwabci. Sharaɗin sananne ne: maƙwabci ya riƙa nomawa, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa gona ta koma ga mai ita. A da, mai unguwa da shaidu biyu sun wadatar. Amma zamani ya zo da takarda, don haka aka tura wani ɗan'uwanmu da ya gama sakandare zuwa shagon buga takardu a cikin gari. Can aka buɗe wata tsohuwar yarjejeniya a kwamfuta, aka sauya sunaye, aka bugo. Baffa ya dangwala yatsa, ya ninke tasa ya adana a gafaka.

Sai da na zo hutu ya miƙo mini ita, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan ko an rubuta kuɗin daidai." Kuɗi daidai suke. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne layin farko, inda aka rubuta "I hereby sell". Na ce, "Baffa, ai takardar nan cewa ta yi kun sayar." Ya dube ni ya ce, "Ni ban taɓa cewa na sayar ba." Na ce, "Bakinku bai faɗa ba, amma yatsanku ya faɗa."

Da muka kira yaron, amsar da ya bayar ta fi kuskuren tsaya mini a rai. Ya ce shi sunaye da adadin kuɗi ya duba, domin a saninsa farkon takardar Turanci gaisuwa ce kawai. Ban iya yi masa faɗa ba, don ni malamin Turanci ne, na kuma san mu muka koya masa haka. Mun sa yara sun haddace "I write to inform you that" da "I wish to apply" da "I hope you are fine" don su ci jarrabawar WAEC da NECO, har suka ɗauka duk jimlar da ta fara da "I" sallama ce da ake tsallakewa kafin a kai ga magana.

Gaskiyar ita ce, waɗannan kalmomin aikatau da mai magana ke buɗe zance da su sun kasu gida uku. Na farko su ne na ra'ayi, irin su "I think" da "I suppose" da "I believe". Aikinsu sassauta magana, su bar wa mai ita ƙofar fita. Na biyu na ladabi ne, irin waɗanda muke haddacewa don rubuta wasiƙa, ana iya cire su saƙo bai canza ba. Na uku su ne masu nauyi: "I promise", "I agree", "I swear", "I resign", "I sell". A bakin mai yarjejeniya, furta su shi ne aikata su. Wani masanin falsafa na Jami'ar Okisfod a Ingila, J. L. Austin, ya yi laccoci a kan irin waɗannan kalmomi a Jami'ar Habad ta Amurka a 1955, aka buga su littafi a 1962 bayan rasuwarsa.

Sai dai Bahaushe bai jira Austin ba. Waliyyi ya ce "na ba shi", wakilin ango ya ce "na karɓa", aure ya ɗauru. Mai tunkiya a kasuwar Dambatta ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Miji ya ce "na sake ki", igiya ta tsinke, ko da daga baya ya ciji yatsa. Abin lura kuma, Hausa ta raba gidajen nan da sutura daban-daban. Galibi idan ra'ayi ne sai mu ce "ina ganin", "ina jin", "ina zaton", kamar abu ne da ke kan tafiya bai tsaya ba. Idan kuwa furucin shi ne aikin, sai mu faɗe shi kamar an riga an gama: na yarda, na yafe, na rantse, na sayar. Kunnen kowane manomi ya san bambancin ba tare da ya shiga aji ba.

Turanci bai yi wannan rabon ba. "I think" da "I agree" riga ɗaya suka saka, ɗalibi ba zai gane mai nauyi daga siffa ba. Amma akwai alamu. Kalmar "hereby", wadda ke nufin "da wannan furuci nawa", ba ta zama sai gefen kalmar da ke ƙulla wani abu, shi ya sa ba a cewa "I hereby think". Haka kuma a hirar yau da kullum Bature kan jefar da "that", takwarar "cewa" tamu, ya ce "I think he came", amma a takardar hukuma akan tsayar da ita domin a san iyakar abin da mutum ya ɗaure kansa da shi. Sannan da zarar an mayar da kalmar lokacin da ya wuce, aka ce "I promised", ta zama labari, ba ta ƙulla sabon alƙawari.

Hukumomi ba sa wasa da wannan. Jadawali na bakwai na Tsarin Mulkin 1999 ya tsara kalmomin rantsuwar kama aiki, kuma shugaban ƙasa ko gwamna ba ya fara aiki sai ya furta su. A Amurka, ranar 20 ga Janairun 2009, an samu tuntuɓen harshe wajen rantsar da Barack Obama, wata kalma ta bar gurbinta. Washegari sai da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya sake rantsar da shi, don toshe bakin masu ƙorafi.

Mu kuwa talakawa, a nan ake yawan shammatarmu. Mai neman ƙuri'a zai ce "I believe" taki zai iso kafin damina, mai fassara ya juya ta zuwa "ya yi alƙawari", mu yi ta tafi. In shuka ta wuce babu taki, ya ce shi ra'ayinsa ya faɗa, kuma a nahawu bai yi ƙarya ba. Alƙawari kaya ne, shi ya sa masu wayo ke kewaye kalmar da ke ɗora shi.

Maganar Baffa ta zo da sauƙi. Maƙwabcin mutumin kirki ne, shi ma bai san abin da takardar ta ƙunsa ba. Aka koma gaban mai unguwa da shaidun farko, aka yayyaga ta, aka rubuta sabuwa da Hausa wadda ta fara da "na jinginar", aka karanta kowa ya ji. Amma na sha tambayar kaina: da ɗayansu ya rasu kafin in zo hutu fa? Shaidu suna tsufa suna mutuwa, magada kuwa takarda za su buɗe.

Dokar ƙasa ta tanadi cewa wanda ya rubuta wa marar karatu takarda ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma tabbatar an karanta masa an fassara kafin ya dangwala. A riƙa neman wannan haƙƙi. Dagatai da masu unguwanni su karɓi yarjejeniya da Hausa, boko ko ajami, domin harshen da aka yi ciniki da shi ya fi cancantar ya riƙe shi. Mu kuma malamai, mu daina koyar da waɗannan kalmomi a matsayin ado.

Ni dai tun daga ranar, duk ajin da na shiga sai na rubuta "I think" da "I agree" a allo, in tambayi yara wacce a ciki za ta iya raba mutum da gonar ubansa. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi wuyar mayarwa. Allah Ya sa mu san abin da muke sa wa hannu.