Abin da mahaucin Gidan Sori ya ke karantawa cikin ɓargo

A kasuwar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, akwai wani tsohon mahauci da ba ya yarda da mai bisa sai ya fasa ƙashin cinya. Idan ɓargon ya fito fari, da ƙarfi kamar man shanu, ya san dabba ta ci ta ƙoshi. Idan kuwa ya fito ja-ja, ruwa-ruwa, sai ya girgiza kai: wannan bazara ta cinye ta tun tana tsaye. Kitsen ɓargo shi ne rumbun ƙarshe da jiki ke buɗewa, bayan na ƙarƙashin fata da na ƙoda sun ƙare.

Likitoci sun daɗe suna ɗaukar wannan kitse tamkar ciko kawai. Ashe ba haka ba ne. Jariri na zuwa duniya da jan ɓargo kusan duka, mai ƙera jini. Sannu a hankali kitse na mamaye shi, har ya kai kimanin kashi 70 cikin ɗari ga baligi. In jini ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar ga masu amosanin jini, kitsen na ja da baya, ya bar wa jan ɓargo fili. Kuma uwa guda ce ke haifar ƙwayoyin kitsen da masu gina ƙashi, shi ya sa tsufa ke zuwa da ɓargo mai maiƙo da ƙashi mai saurin karyewa.

Abin mamaki, ga ɗan Adam, farkon yunwa ƙara wannan kitse ta ke yi. A 2014 masu bincike a jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna yana zuba wani sinadari cikin jini, adifonektin, mai taimakon jiki sarrafa sukari. Sai yunwa ta kai maƙura ya ke narkewa.

Maƙurar nan jihar Maradi ta gan ta a 2005, lokacin da uwaye suka cika wuraren jinyar tamowa na Médecins Sans Frontières da yara goye. Gero bai yanke a kasuwanni ba a shekarar, tsadarsa ce ta fi ƙarfin talaka, kuma ƴan kasuwa da ma'aikata sun san haka. Yaron da aka kai a makare, bayan rama, sau da yawa jininsa ma ya yi ƙasa, har sai an yi masa ƙari.