KUJERAR INNA DA DALAR AMURKA

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo. Na daɗe ina son in yi shi, amma na ce sai ranar da na ga rasit a hannuna. Jiya da hantsi na kammala biyan kuɗin kujerar Hajjin mahaifiyata na 2026. Alhamdulillahi. Shekara uku ke nan muna bin kujerar nan tana gudu, kuma a cikin bin nata ne na koyi abin da ban taɓa damuwa da shi ba, wato canjin kuɗi.

Wanda ya san gidanmu a nan Tudun Wada ya san Inna da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun muna firamare take adashi, kuma duk kwasar da ta yi sai ta sayi akuya ko tunkiya ta ce wannan ta Makka ce. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sauke farali zamanin Shagari, lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Ya sha ba mu labarin yadda 'yan kasuwar Makka ke karɓar naira hannu bibbiyu. Ya yi wa Inna alkawarin zai kai ta, rai bai kai ba.

A 2023 da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta sanar da kuɗin kujera wajen naira miliyan 2.9, muka zauna ni da ƙannena muka yi lissafi. Abin da Inna ta tara da abin da muka iya haɗawa ya kama miliyan biyu da ɗari ɗaya. Saura dubu ɗari takwas. Wani abokina ya ce zai ranta mini. Ni ne da bakina na ce a'a, ba za a je ɗakin Allah da bashi ba, a bari sai baɗi mu cika cikin natsuwa, har ni ma in samu in raka ta. Inna ta ce, "To, Allah shi kai mu da rai."

Har yau in na tuna da dubu ɗari takwas ɗin nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ranar 14 ga Yuni 2023, alhazan shekarar suna can Saudiyya, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta koma ɗari bakwai da wani abu cikin 'yan kwanaki. Ni a lokacin ban ga abin da ya shafe ni ba. Na ɗauka maganar 'yan canji ce da masu shigo da kaya, su Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja. Albashina naira ne, cefanena naira ne, me ya haɗa ni da dala?

Ashe kujerar Inna dala ce tun daga sama har ƙasa. Kuɗin jirgi da dala ake ƙulla shi. Masaukin Makka da Madina, tantin Mina da Arfa, abinci, motocin jigila, duk da riyal ake biya. Shi kuma riyal tun 1986 Saudiyya ta ɗaure shi da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, ba ya motsi. Saboda haka duk ranar da dala ta hau a Najeriya, riyal ya hau tare da ita, ko da mai otal a Makka bai ƙara ko sisi ba.

Da aka buɗe rajistar 2024 sai aka ce kafin alƙalami miliyan 4.5 ne. Daga baya aka tsayar da kuɗin jihohinmu na Arewa a kusan miliyan 4.7. Muka sayar da ɗan filin da nake da shi a bayan gari, wanda na saya da niyyar gini. Ƙanwata ta sayar da 'yan kunnenta na zinari. Muka biya cif. Aka yi wa Inna fasfo, ta fara zuwa bita, maƙwabta suka fara tsokanarta da Hajiya. Ni dai na riga na cire kaina daga lissafi.

Sai ga watan azumi. Ranar 24 ga Maris 2024 sanarwa ta fito cewa duk wanda ya riga ya biya sai ya kawo cikon naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da 'yan kai, kuma wa'adi 28 ga wata. Kwana huɗu. Sabon mai biya kuwa sama da miliyan takwas. Ba zan zagi kowa a kan wannan ba, domin kowa ya ga abin da ya faru: a watan Fabrairu dala ta kusa taɓa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, nairar da aka tara ba ta isa ta sayi dalar da ake bukata ba. Gwamnatin tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90, wasu gwamnoni sun rage wa maniyyatansu wani abu, amma ramin ya yi zurfi.

Na yi yawon da ban taɓa yi ba a kwana huɗun nan, da azumi a bakina, cikin zafin Sakkwato na Maris. Kowa ka je wurinsa shi ma kuka yake. Dubu ɗari shida na iya haɗawa. Daren ƙarshe bayan tarawihi na shiga ɗakin Inna na zauna, na kasa magana. Ita ce ta fara.

"Mi ya hwaru? Kuɗɗin ba su cika ba ko?"

Na ce, "Ba su cika ba, Inna."

Ta ce, "To mi na abin ɓata rai? Wanda Allah Ya kira shi ka zuwa. Bana ba a kira ni ba. Tashi ka kwanta."

Da na fito tsakar gida sai da na yi hawaye. Ba kuɗin ne suka fi damuna ba. Shekarunta nake dubawa da ciwon gwiwar da ke ƙaruwa mata duk damina. Ƙawarta da suka yi shekara da shekaru suna adashi tare da niyya ɗaya ta rasu bayan babbar sallar wannan shekarar, ba ta je ba. Ranar sadakar uku Inna ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta yi shiru.

Da kuɗinmu suka dawo sai shawarwari suka yi yawa. Wasu suka ce a kai ta Umara, tunda kuɗin sun isa har da ragi, ta ga Ka'aba da idonta ta ziyarci Manzon Allah (SAW). Ni ma na karkata can. Inna ta ƙi. Ta ce farilla take nema, in ta ci kuɗin a Umara ba za ta sake tara irinsu ba. Na tambayi limaminmu, ya ce Hajji a kan mai iko yake wajaba, wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa, amma tunda tana da niyya kuma akwai hanya, a bar ta da zaɓinta.

Sai tambaya ta biyu: a ina za a ajiye kuɗin? In an bar su a banki, naira na narkewa kamar ƙanƙara a rana. Ƙanena ya ce a sayi dala. Amma shi kansa ya ƙone a kan haka. A Fabrairun 2024, da kowa ke cewa dala za ta kai dubu biyu da rabi, ya kwashi jarin shagonsa ya saya a 1,800. Zuwa Afrilu ta faɗo wajen 1,100, ga shi yana bukatar kuɗin saro kaya, dole ya sayar da asara. Bayan 'yan makonni ta sake hawa. Tun daga nan na daina sauraron masu cewa sun san inda dala za ta.

Abin da Inna ta sani muka koma. Muka sayi bijimai huɗu muka turke a gidan kawunmu, muka yi ta fama da tsadar dusa da harawa, aka sayar, aka sake saye. Ba riba ce ta a zo a gani ba, amma uwar kuɗi ba ta lalace ba. Kujerar 2025 ta zo a kusan miliyan 8.5, muka duba muka ga ko kusa. Bana da naira ta ɗan farfaɗo, dala ta sauko wajen 1,450, aka rage kuɗin kujerar 2026 zuwa kusan miliyan 7.7 ga jihohinmu. Muka sayar da shanun, kowa cikin 'ya'yanta ya kawo abin da ya samu, aka cika.

Ga wani lissafi da na yi da kaina a bayan takarda, wanda ya sa na yi tagumi. Miliyan 2.9 a farashin 460 ya haura dala 6,000. Miliyan 7.7 a farashin 1,450 bai wuce dala 5,300 da 'yan kai ba. Wato Hajji bai ƙara tsada ba, a dala ma raguwa ya yi. Makka tana nan inda take, kuɗinmu ne suka ja baya. Guzurin alhaji ma da ya kai dala 800 a da, yanzu dala 500 ne, riyal 1,875 ke nan na sama da wata guda. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa, sai ya tara albashin wata 110 bai ci ko ƙwandala ba kafin ya biya kujera ɗaya. A 2023 an ba Najeriya kujeru 95,000 kuma an cike su, amma tun daga 2024 ba a sake kai wannan adadin ba.

Gaskiya kuma a faɗe ta. Arhar da muke tunawa da ita akwai hannun gwamnati a ciki. A 2016 an ba maniyyata dala a kan naira 197 lokacin da kasuwa ta haura 300. Masu cewa bai kamata a ɗauki dukiyar kowa da kowa a rangwanta wa mai tafiya ibadar da ba ta wajaba sai ga mai hali ba, suna da hujja. Masu cewa talakan da ya yi shekara ashirin yana tari bai kamata a wayi gari a kwashe rabin guminsa ba, su ma suna da hujja. Ni na tsaya a tsakiya, domin na ɗanɗana.

Kuma ba Makka kaɗai abin ya shafa ba. Mu nan Sakkwato, ƙasar wajen da ta fi kusa da mu ita ce Nijar, daga Illela ka tsallaka Ƙonni. Wajen 2014 jikar sefa, wato dubu ɗaya, ba ta wuce naira 350 ba. Yau ana maganar naira 2,500. Sefa a ɗaure take da yuro, shi ya sa ba ta rawa irin ta naira. Mutanenmu da yawa sun saba zuwa asibitin Galmi neman magani. Yanzu kafin mutum ya tashi sai ya lissafa kuɗin mota, da masauki, da abinci a sefa, da yawa sai su haƙura su nemi magani a gida. Su kuwa 'yan uwanmu na can, tun da aka buɗe iyaka a Maris 2024, in suka shigo da sefa kasuwar Illela ko ta Sakkwato, su ne masu saye ba tayi. Abin dariya, a Nijar dala sunan tamma biyar ne, kuɗin da yaro ke rainawa. Wani ɗan uwanmu na Ƙonni kullum yana tsokanata, wai su dala a aljihun yara take.

Maƙwabcina mai sayar da atamfa da leshi da yana zuwa Dubai sau biyu a shekara. Da aka hana 'yan Najeriya biza a 2022 ya tsaya, da aka buɗe a 2024 kuma bai koma ba, domin dirhami ma a ɗaure yake da dala. Ya ce kuɗin tikiti da otal kaɗai sun cinye ribar tafiyar. Yanzu ta WhatsApp yake zaɓen kaya, ko ya hau mota ya tafi Kantin Kwari. Masu neman magani da karatu kuma da yawa sun karkata Masar, musamman bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Wani dalilin shi ne fam ɗin Masar ma ya faɗi: a Maris 2024 ya tashi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala. Mai riƙe da naira ya fi samun sauƙi a ƙasar da kuɗinta ke ciwo irin nasa.

Abin da zan ce wa duk mai niyyar tafiya, ko Hajji ko asibiti ko karatu: tun ranar farko ka tambaya da wane kuɗi ake biyan abin da za ka yi a can, ka riƙa auna tarinka da wannan kuɗin, ba da yawan nairar da ke asusunka ba. Kada ka yi lissafi cif-cif, ka bar sarari domin ciko. Kada ka kwashi jarinka ka sayi dala ranar da kowa ke rububi. In kuma tafiyar ta tsoho ce, kuma abin da ya rage kaɗan ne, ga mai taimako ya samu, ka yi shawara da malamai da 'yan uwa kafin ka ce a bari sai baɗi. Ni ban yi shawara ba, na yanke da kaina. Dubu ɗari takwas ta koma ta cinye fili da zinari da shekara uku na tsohuwa.

Da na kai mata rasit jiya, ta karɓa ta jujjuya duk da ba ta karatun boko, ta sa a ƙarƙashin filo. Sai ta ce, "Wannan karon dai ba su cewa a kawo ciko ko?" Na ce in sha Allahu. Ta ce, "Kai dai bar saida babur ɗinka tukuna."

Ba zan samu raka ta ba. Za ta tafi cikin ayarin matan unguwa, an ce akwai masu kula da tsofaffi. Ina roƙonku addu'a, Allah Ya ba ta lafiyar gwiwa ta yi ɗawafi da ƙafarta, Ya nuna mana ranar da za mu je filin jirgin Sultan Abubakar III tarbarta. Waɗanda suka biya bana da waɗanda kuɗinsu bai cika ba, Allah Ya kira kowa. Wanda ya taɓa shiga irin halin da muka shiga, ina son in ji yadda ya yi da nasa kuɗin.