Kafin Cibi Ya Zama Ƙari

A yankinmu na Madobi kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin lambu yana gadin tumatir da injin ban-ruwa, shi ke bin garke, shi kuma mafarauta ke fita da shi bayan an kawar da amfanin gona. Tun da ruwan dam ɗin Tiga ya raya noman rani a Kura da Bunkure da maƙwabtansu, gonar da ke buƙatar gadi ba ta yankewa, rani da damina. A gidaje da yawa kuwa, kula da 'yan kwikwiyo aikinmu ne mu matasa. Saboda haka mu muke fara lura idan wani daga cikinsu ya zo da ɗan kumburi a kan cibiya.

Da yawanmu ƙurji muke ɗaukarsa, alhali kuwa ƙofa ce ba ta rufu ba. Lokacin da kwikwiyo yake cikin uwarsa, ta igiyar cibiya yake samun abinci, igiyar kuma ta ratsa ne ta wata 'yar kafa a tsokar cikinsa. Bayan haihuwa kafar takan haɗe. Idan ta ƙi haɗewa, sai kitse ko wani yanki na hanji ya leƙo ta wurin, fata kaɗai ta tare shi. Wannan shi ne cibi, irin wanda muke gani a jikin ƙannenmu. Galibi gado ne, shi ya sa a haihuwa ɗaya akan samu biyu ko uku da shi.

Gane shi ba wuya. Mu kwantar da kwikwiyon rigingine, mu danna wurin a hankali da yatsa. Idan da laushi, ya koma ciki, sannan ya sake fitowa da zarar ya yi haushi ko yunƙuri, to cibi ne. Ƙaramar kafa, wadda ba ta kai santimita 1 ba, tana iya rufewa da kanta kafin ya cika wata 3 zuwa 4. Aikinmu a nan sa ido ne kawai. Wadda ta kai wata 6 tana nan, da wuya ta rufe.

Inda ake tafka asara shi ne wajen gaggawar magani. A ƙauye kowa likita ne: wani zai ce a yi sakiya, wani ya ce a ɗaure da zare ko roba har ya faɗi da kansa, wani kuma ya kawo shawarar a ɗora kwabo a naɗe da tsumma. Kwabon ba ya rufe kafar, sai dai ya goge fata ta yi gyambo. Sauran biyun kuwa kisa ne. Wanda ya soka ƙarfe a wurin yana jiran mugunya ta fito, hanji zai huda. Wanda ya ɗaure, hanjin ya shaƙe. Masu ba da shawarar ba mugunta ce ta sa su ba, sun ga sakiya ta yi aiki a kan ƙurji ne, suka ɗauka kowane kumburi ɗaya ne.

Maganinsa na gaskiya tiyata ce, kuma ba babba ba. Likitan dabbobi zai yi wa kwikwiyon allurar barci, ya mayar da abin da ya leƙo, ya ɗinke tsokar sannan fatar. Bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zare. Sau da yawa akan haɗa aikin da dandaƙa, don kada ya gadar wa 'ya'yansa. Akwai asibitin dabbobi a Gwale cikin birnin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. (Tunda an je, a roƙi likita ya yi masa rigakafin haukan kare, wanda ake farawa daga wata 3. Wannan don lafiyarmu ce mu kanmu.)

Mun san za a yi mana dariya a majalisa, a ce kuɗin taki bai samu ba sai na tiyatar kare. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba kowane cibi ke buƙatar wuƙa ba. Amma wanda ya taɓa wayar gari ya tarar an ɗauke masa injin ban-ruwa ya san kuɗin kare mai gadi. Kuma wannan larura tana samun maraƙi da ɗan rago, a nan kuwa ba mai dariya.

Akwai ranar da jira ya ƙare. Idan kumburin ya yi tauri, ya ɗauki zafi, ya ƙi komawa ciki, ko launinsa ya sauya, kwikwiyon yana kuka in an taɓa, yana amai, ya ƙi nono ko abinci, to alama ce hanji ya maƙale a kafar, jini ya daina isa gare shi. Hanjin da jini ya yanke masa yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Kada mu matsa da ƙarfi don mu tura shi ciki, kada kuma mu ɗura masa komai. Mu sa shi a kwali, mu sanar da manya, a hau babur a nufi likita a ranar, ko da ana tsakiyar ɗiban tumatir.