Tafiyar Tsofaffin Babura

A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wata tafiya da masu tsofaffin babura su kan yi, daga Darban ta bakin teku zuwa Johanasbag. Nisan ya kai wajen kilomita 700, kuma hawa ya fi yawa, gama Darban tana gindin ruwa, Johanasbag kuwa tana kan tudu. Kwana biyu ake yi, a yada zango a wani gari wai shi Niyukasil.

Asalin abin tsere ne. An fara shi a shekarar 1913, aka yi ta yi har 1936, sa'an nan hukuma ta hana tsere a kan hanyar jama'a saboda haɗari. A 1970 aka tayar da tafiyar don tunawa da mazan jiya, da sharaɗin ba babur ɗin da zai shiga sai wanda aka ƙera a 1936 ko kafin nan. Watau ƙaramin cikinsu ya girmi mafi yawan masu hawansu.

Irin waɗannan babura, kamar su BSA da Norton da Triumph, ba su da sauƙin hali. Da yawa da hannu ake sa musu giya. Ƙafar baya ba ta da abin tare gargada, duk ramin da aka faɗa sai mahayi ya ji shi a ƙugunsa. Birkinsu ba ƙarfi, saboda haka tilas mutum ya hangi gangara tun daga nesa. In babur ya mutu a daji, mai shi ne makanikensa: ya sauka, ya kwance kayan aiki, ya goge fulogi ko ya ɗaure sarƙa, ya ci gaba.

To, ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Wanda ya riga kowa isa ba shi ne gwani ba. Kowane mahayi a kan ba shi takarda mai nuna hanya da gudun da zai riƙe a kowane yanki. An ajiye alƙalai a wuraren da bai sani ba, suna rubuta lokacin wucewarsa. In ya makara da daƙiƙa ɗaya an ci shi tara, in ya yi gaba da daƙiƙa ɗaya ma haka. Wanda kuskurensa ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Ni da aikina ke nan rubutu da lissafi, na ga hikima a wannan tsari. A ofis na sha ganin yaro mai saurin hannu ya cika shafi kafin dattijo ya yi rabi, amma da aka zo bincike sai a sami na dattijon ne ba gyara. Haka yake a kan babur. Ƙarfin zuciya kaɗai ba ya kai mutum Johanasbag. Sai ya iya karanta takardarsa, ya iya duba agogo, ya san halin abin hawansa, ya kuma danne zuciyarsa sa'ad da hanya ta miƙe tana kiransa ya taka wuta.

Ku 'yan'uwana da kuka koyi karatu da furfura a ka, na san wani zai ce muku lokaci ya wuce, yara sun yi muku nisa. Ku tuna da waɗannan babura. Da an bar su a bayan ɗaki da tuni tsatsa ta cinye su, amma da yake ana shafa musu mai, ana tayar da su, ga shi suna hawan tudu har yanzu. Karatu ma in an ajiye shi ya kan yi tsatsa. Ku riƙa karanta ko da shafi ɗaya ne kullum, ku rubuta wasiƙarku da hannunku, ku lissafa kuɗin amfanin gonarku da kanku. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.